Shirun Iyaye: Kunya Ce Ko Sakaci?

 Muna da wata magana mai nauyi da za mu kawo gabanku a wannan wata. Mun daɗe muna juya ta a zuci, muna jin nauyin buɗe baki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan girbin bara wani saurayi na wata ƙaramar ekklesiya a yankinmu ya nemi aure. Yaro ne mai hankali, yana cikin mawaƙa. Shekara uku yana zuwa cin rani birni, da guminsa ya tara kuɗin aure. An kai gaisuwa, har an sa rana. Dattawa suka aike shi asibiti tare da yarinyar domin gwajin jini. Da sakamako ya fito, sai aka tarar yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Da izininsa ne muke ba da labarin, sunansa kuwa ba za mu faɗa ba.

Da dare ubansa ya zo wurinmu. Ya zauna a zaure, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Pasto, na koya masa huɗa, na koya masa kiwo, na koya masa addu'a. Wannan abu ɗaya ne ban taɓa buɗe baki a kansa ba. Na ɗauka ku kuna faɗa musu a majami'a."

Muka sunkuyar da kai. Gama mu kuma mun ɗauka iyaye suna faɗa musu a gida. Sau da yawa mun yi wa'azi a kan zina, mun ɗaga murya, mun buga bagade. Amma ko sau ɗaya ba mu taɓa zaunar da samari mun gaya musu yadda cuta take shiga jiki ba, ko abin da za su yi idan ta shiga. Uba ya yi shiru don kunya, pasto ya yi shiru don kunya, yaro ya tafi birni da duhun kai. To, ga tambayarmu: wannan shiru namu, kunya ce da Allah yake so, ko kuwa sakaci ne da muka sa wa rigar kunya?

Kaya ya dawo kanmu

Ba mu ne muka fara wannan gardama ba. A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta yarda a shigar da koyarwa a kan sha'anin jiki da balaga cikin makarantun Nijeriya. Shugabannin addini da yawa, Kirista da Musulmi, suka ƙi. Saboda haka aka rage wasu abubuwa, a 2003 aka fito da darasin da sabon suna, wato ilimin zaman iyali da ƙanjamau, aka bar kowace jiha ta gyara shi bisa ga al'adarta. A watan Nuwamba 2022 kuma Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarni a cire wannan koyarwa daga manhajar makarantu. Ya ce aikin iyaye ne da shugabannin addini.

Da yawa cikinmu mun ji daɗin wannan magana, muka ce madalla. Amma mun lura da abin da ta ɗora mana? Wanda ya ce a bar masa kaya, tilas ya naɗa gammo. Idan mun hana malamin makaranta, mu kuma ba mu koyar ba, to, mun rufe rijiyar maƙwabci ne ba mu haƙa tamu ba.

A watan Mayu 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta ce ba za a ɗaura aure ba sai an gwada jinin ango da amarya saboda ƙanjamau, da ciwon hanta, da sikila. Doka ce mai kyau, ita ce irin abin da ya tsare yarinyar nan da muka ambata. Amma gwaji a bakin ƙofar aure kamar awon hatsi ne ranar sussuka. Yana nuna abin da gona ta yi, ba ya gyara shuka. Abin da ake gani a jinin ɗan shekara 25, sau da yawa tun yana ɗan 16 ko 18 aka shuka shi. Tun ran gini, tun ran zane.

Kunya iri biyu

Kada wani ya ce muna rena kunya. Kunya ado ce ta Bahaushe. Ita ce take hana yaro ɗaga ido gaban surukinsa, ita ce take hana uwa kiran sunan ɗan farinta. Gidan da babu kunya ya zama kasuwa. Littafi Mai Tsarki ma yana yabon kamewa da ladabi.

Amma mu duba yadda kakanninmu suka yi da kunyarsu. Sun san uba ba zai iya yi wa ɗansa irin wannan magana ba, uwa kuma ba za ta iya da 'yar farinta ba. Saboda haka suka buɗe wata ƙofa. Kaka abokiyar wasan jika ce, babu abin da ba za ta iya faɗa ba. Goggo tana jan 'yar ɗan'uwanta ɗaki ranar da ta fara ganin al'ada. Kawu yana yi wa saurayi faɗa a hanyar gona. Amarya tana lalle, tsofaffin mata suna zuba mata magana a kunne. Ashe kunyar dā ba ta toshe ilimi ba, hanya kawai ta sake masa.

Yau fa? Manyan gidaje na gandu sun watse, kowa ya ja iyalinsa. Yarinya tana makarantar kwana nesa da goggonta. Saurayi ya hau mota a Kwanar Dangora, ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja, babu kawu kusa. Dā yarinya takan yi aure ba da daɗewa ba bayan ta balaga, yanzu tsakanin balaga da aure akan yi shekara goma ko fiye, saboda karatu da tsadar aure. Tsohuwar ƙofa ta rufe, mu kuwa muna nan riƙe da shirun. Wa ya gaji aikin goggo da kawu? Wayar hannu, da abokan tasha, da mai tallar maganin ƙarfin maza da lasifika ranar kasuwa. Waɗannan ba su da kunya ko kaɗan, kuma ba sa gajiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Domin haka kunya iri biyu ce. Akwai wadda take hana mutum aikata mugunta, wannan daga wurin Allah take. Akwai kuma wadda take hana mutum faɗin gaskiyar da za ta ceci ɗansa. Wannan ta biyu ba yaron take tsarewa ba, fuskar uban take tsarewa. Muna gudun nauyin minti goma, muna bar wa yaro nauyin shekara arba'in.

Littafi Mai Tsarki bai yi irin shirunmu ba. A Misalai sura 5 da sura 7 uba ne yake magana da ɗansa, yana kwatanta masa yadda jaraba take zuwa, da irin zaƙin bakinta, da yadda jiki yake lalacewa a ƙarshe. Manzo Bulus ya gaya wa Titus tsofaffin mata su koya wa ƙananan mata. A Ezekiyel sura 33 an ba da misalin mai tsaron gari: idan ya hango takobi bai busa ƙaho ba, alhakin jinin mutane yana wuyansa. Ku tuna kuma da Tamar 'yar Dawuda, a 2 Sama'ila sura 13. Da aka ɓata ta, wanta ya ce ta yi shiru, ubanta ya yi fushi amma bai yi kome ba. Wannan shiru bai kawo salama a gidan Dawuda ba, jini ya kawo.

Abin da masu ƙi suke cewa

Wani dattijo mai tsoron Allah ya ce mana, "Idan kun gaya wa yara waɗannan abubuwa, ai kun tashi mai barci. Za su so su ɗanɗana." Wannan tsoro ba na wauta ba ne, ya kamata mu auna shi da gaskiya. Labudda akwai koyarwar da take ɓata yaro, wadda ake yi da batsa, ko ake ba ɗan shekara bakwai abin da ya dace da ɗan shekara goma sha bakwai. Irin wannan mu ma mun ƙi ta.

Amma mai barcin nan, mu ne muke tashinsa? Allah ne ya sa balaga cikin jiki, tana zuwa ko mun yi magana ko ba mu yi ba. Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta buga a 2009, ta sake bugawa a 2018. Abin da aka gano shi ne, koyarwa mai tsari ba ta sa yara su fara da wuri, sau da yawa ma takan sa su jinkirta. Mu manoma mun san wannan tun dā. Muna nuna wa yaro kububuwa da gobe-da-nisa, muna gaya masa inda suke kwanciya. Ba wanda ya taɓa cewa sanin maciji ne yake sa yaro ya tura hannu a rami.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsarki da rashin sani. Yusufu ya tsere daga matar Fotifar domin ya san abin da ake kiransa gare shi, ya san kuma zunubi ne a gaban Allah. Yarinyar da ba ta san kome ba, ba ta fi tsarki ba, ta fi sauƙin ruɗi ne kawai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya kamata 'ya'yanmu su sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace rana mutum fiye da miliyan 1 suke kamuwa da cututtukan saduwa masu warkewa, yawancinsu kuwa ba sa ganin alama ko ɗaya. Wannan shi ne darasi na fari: ba a gane mai cuta da ido. Mai ƙiba da kyan fata yana iya ɗauke da ita.

Ciwon sanyi yakan sa namiji zafin fitsari da fitar mugunya. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin kome, har cutar ta hau ta toshe hanyar ƙwai. Bayan aure sai haihuwa ta ƙi, a ce mayu ne, ko a ce bakin kishiya. Jaririn da aka haifa ta wurin uwa mai wannan cuta yana iya rasa idanunsa. Yana warkewa da maganin asibiti, idan an gwada, an sha duka, an kuma yi wa miji da mata tare. Sayen ƙwaya biyu ko uku a kemis ba magani ba ne, shi ne ma yake sa cutar ta yi taurin kai.

Tunjere yakan fara da ɗan gyambo marar zafi. Gyambon ya warke da kansa, mutum ya ce ya rabu da shi, alhali cutar ta shige jini. Bayan shekaru takan taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. A mace mai ciki takan kawo ɓari ko haihuwar ɗa ba rai. Tun 1943 aka gano allurar fenisilin tana warkar da shi.

Ciwon hanta mai lamba B yana bin jini da saduwa, yana kuma bi daga uwa zuwa jariri. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da shi. Yana da allurar rigakafi. Akwai kuma ƙwayar da ake kira HPV, wadda take kawo sankarar bakin mahaifa. A 2020 wannan sankara ta kashe mata wajen 8,000 a ƙasarmu. Tun watan Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta. Kada mu hana 'ya'yanmu. Yarinyar da ta tsare kanta sarai tana iya samun ƙwayar daga mijinta.

Ƙanjamau kuwa, a 1986 aka fara ba da labarinta a Nijeriya. Binciken 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 suna ɗauke da ƙwayar, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. A yankinmu na arewa maso yamma ba ta kai kashi 1 ba, amma gidan da ta shiga ba ruwansa da lissafi. Binciken ya nuna kuma 'yan mata masu shekara 20 zuwa 24 sun ninka samari tsaransu sau uku wajen kamuwa. Wannan ya isa ya sa mu tambayi kanmu, su wane ne manyan mazan da suke bin 'yan matanmu da kuɗi da waya? Ƙwayar tana bin saduwa, da jini, da allura ko aska da ba a tsabtace ba, da haihuwa da nono. Ba ta bin gaisuwa, ko cin tuwo ƙwarya ɗaya, ko cizon sauro, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ba a warkar da ita tukuna, amma akwai maganin da yake danne ta, tun 2006 gwamnati ta sa a riƙa ba da shi kyauta. Wanda yake shan sa kullum har ƙwayar ta daina nunawa a gwaji yana iya tsufa, ba ya kuma sa wa matarsa. Mace mai ciki da take shan sa tana iya haifan ɗa lafiyayye.

Abu ɗaya kuma kowace uwa ta riƙe. Idan an yi wa yarinya fyaɗe, a kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, gama akwai maganin kwana 28 da yake hana ƙwayar kama jiki. Kwana ukun da muke ɓatawa muna shawarar yadda za a rufa asiri, su ne kwanakin cetonta. Laifin kuma ba nata ba ne.

Gaskiya duka

Yanzu mun zo wurin da ya fi wuya. Idan saurayi ya tambaye mu zancen kwaroron roba, me za mu ce? Koyarwarmu ba ta sāke ba: jiki haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, saduwa ta cikin aure ce, kamewa kafin aure da aminci cikin aure su ne nufin Allah, su ne kuma kariya wadda ba ta da ɓaraka. Amma mun ji waɗansu masu wa'azi suna cewa robar ba ta hana kome. Wannan ba gaskiya ba ne. Idan an yi amfani da ita daidai kowane lokaci tana rage haɗarin ƙanjamau da ciwon sanyi ƙwarai, ko da yake ba ta rufe kowace ƙofa ba, musamman ga tunjere da HPV. Ba za mu yi wa Allah hidima da ƙarya ba. Ranar da yaro ya gane mun ruɗe shi a abu ɗaya, zai zubar da sauran maganarmu duka, har da ta ceto. Sai mu faɗi gaskiya, mu ƙara da wata gaskiya: roba ba ta tsare zuciya daga karyewa, ba ta tsare lamiri, ba ta mai da zunubi ya zama ba zunubi ba.

Mu tuna kuma, ba za mu iya bin yaro Abuja ba. A ƙarshe shi ne zai zaɓa, a ɗakin da babu uba, babu pasto. Tsoro yakan riƙe yaro muddin mai bulala yana kusa. Abin da zai bi shi birni shi ne abin da ya fahimta, ya yarda da shi a zuciyarsa.

Wanda ya rigaya ya faɗi

Me ya sa 'ya'yanmu suke ɓoye ciwo har ya ci jikinsu? Domin sun ga abin da muke yi wa wanda asirinsa ya tonu. Yarinya ta yi ciki, mu tsai da ita gaban jama'a, mu sa ta ƙarƙashin horo, wanda ya yi mata kuwa yana zaune a benci na gaba. Horo na ekklesiya yana da wurinsa, amma domin komo da ɓatacce ne, kuma ma'auninsa ɗaya ne ga mace da namiji.

Da almajirai suka ga makaho, suka tambayi ko zunubin wa ya jawo masa. Yesu bai bi su cikin wannan lissafi ba, ya buɗe idon mutumin. Ba kowane mai ƙanjamau ne mazinaci ba. Akwai amintattun mata, akwai jarirai. Wanda kuma ya same ta ta hanyar zunubi, ai domin masu zunubi Almasihu ya zo. Iyayenmu cikin bangaskiya sun wanke gyambon kutare a Yadakunya ba su tambaye su laifinsu ba. A 1992 wani limamin Angilikan a Uganda, Gideon Byamugisha, ya fito fili ya ce yana ɗauke da ƙwayar, shi ne na fari cikin shugabannin addini na Afirka da ya yi haka. Bai rushe ekklesiya ba, ya ba dubbai ƙarfin zuciya su je gwaji.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, kowane gida ya zaɓi bakinsa. Idan uba ba zai iya ba, ya je wurin ƙanensa ko wani dattijo amintacce, ya ce, "Ga ɗanka, ka yi masa magana." Kada a ɗauka wani yana yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a fara kafin balaga, kaɗan kaɗan, daidai da shekarun yaro.

Na biyu, Zumuntar Mata ta ɗauki 'yan mata, dattawa su ɗauki samari, dabam dabam. A gayyaci ma'aikacin lafiya mai tsoron Allah, a bar yara su rubuta tambayoyinsu a takarda ba suna. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan girbi, kafin a watse cin rani.

Na uku, mu shugabanni mu fara zuwa gwaji da matanmu, jama'a su gani. Masu shirin aure su yi gwaji tun kafin a sa rana, su sake bayan wata uku, gama sabuwar kamuwa ba ta nunawa nan da nan. Sakamakon kuwa amana ce, pasto ba ya kai shi ko wurin matarsa.

Saurayin nan yana shan maganinsa, da damina ya yi noma kamar kowa. Shi da bakinsa ya gaya wa yarinyar gaskiya. An ɗaga auren, ita da iyayenta suna shawara, ba mu matsa musu ta kowane gefe ba. Uban kuwa yana da sauran 'ya'ya maza biyu. Ran nan ya gaya mana ya tafi da su gona, su uku kaɗai, ya yi musu magana. Ya ce gumin da ya yi a ranar ya fi na huɗa, amma ya faɗa.

Ubangiji ya gafarta mana shirun da muka yi, ya ba mu kunyar da take guje wa zunubi, ya kuma buɗe bakinmu domin 'ya'yan da ya ba mu amana. Amin.